Digirin digirgir a aikin jinya: in shiga ko in haƙura?

Maman Khalifa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina leƙowa nan ina karanta na mutane, yau dai ni ce da tambaya.

Ni nas ce kuma ungozoma. Shekara 14 na yi a ɗakin haihuwa na wani asibitin jiha, kafin a mayar da ni kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma in riƙa koyarwa. Digirina na farko ina aiki na yi shi, na biyu kuma na kammala bara, da ƙyar da jiɓin goshi. Yanzu shekaruna 41, 'ya'ya huɗu, autan bai shiga firamare ba.

Abin da ya hana ni sukuni wani littafi ne mai baƙin bango da nake ajiye da shi tun ina aikin dare. Duk daren da mace ta zubar da jini bayan haihuwa, nakan rubuta ƙarfe nawa ta haihu, ƙarfe nawa muka farga, mu nawa ne a bakin aiki, mata nawa ke naƙuda a lokacin. Ba wanda ya sa ni. Wata yarinya ce ta rasu a hannuna wajen asuba, haihuwar fari, mu biyu ne kacal a kan mata bakwai. Na leƙa ta tana shayar da jaririnta, har murmushi ta yi mini. Da na dawo daga karɓar wata haihuwar, zanin da ke ƙarƙashinta ya jiƙe sharkaf, katifar ma ta sha. Washegari na sayi littafin. Yanzu ya cika, na biyu ya kai rabi, kuma ban san abin da zan yi da su ba.

Malamin da ya duba kundina na digiri na biyu ya ce in wuce digiri na uku. Maigida bai hana ba, amma ya ce in yi lissafi tukuna. To ga lissafin da ya gagare ni: a shekaruna, abin zai biya wahalarsa? A gida zan yi ko in nemi waje? Sannan ina jin digirin na uku iri biyu ne a aikinmu, ana cewa PhD, ana cewa DNP, wanne ne nawa? Don Allah wanda ya taka wannan hanya ya faɗa mini gaskiya, ko da mai ɗaci ce.

Dakta Uwani:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na fara nawa ina da 39, na kare kundin ina da 45, saboda haka maganar shekaru ki ajiye ta gefe. Shekara uku aka rubuta a takardar shiga. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya cinye mini wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, sauran kuma jiran mai duba aiki ne da neman kuɗin fita tattara bayanai.

Abin da ya kamata ki fara nema ba jami'a ba ce, mutum ne. Fannin namu yaro ne a jami'o'in ƙasar nan. Ibadan ce ta fara buɗe sashen digirin jinya a 1965, Ife ta biyo baya, mu nan arewa sai daga baya sosai aka samu sassan a Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri. Shi ya sa farfesoshin jinya ba su da yawa, kuma kowanne an ɗora masa ɗalibai fiye da ƙima. Nawa mai duba aikin mutumin kirki ne, amma babi na biyu ya kwana wata biyar a teburinsa. Kafin ki cike fom, ki nemi ɗaliban malamin da kike so, waɗanda suka gama da waɗanda suka maƙale, ki tambaye su kwana nawa yake yi kafin ya dawo da gyara. Ki kuma karanta maƙalolinsa biyu ko uku da ya buga a mujallu. In ba ki ga komai a kan lafiyar mata masu haihuwa ba, ki nemi a haɗa ki da na biyu daga sashen mata ko na lafiyar al'umma. Ana yin haka, ba abin kunya ba ne.

Yanzu littafinki. Kar ki ji haushi, ba za a karɓe shi a matsayin bayanan bincike ba. Kin rubuta daren da abu ya faru ne kawai, ba ki rubuta dararen da aka kwana lafiya ba, to da me za ki kwatanta? Kuma babu izinin kwamitin ɗa'ar bincike. Amma kin riga kin mallaki abin da rabin ɗalibaina ba su da shi, wato tambayar da ta hana mutum barci. Su zuwa suke su ce, "Malama ki ba ni take." Digiri na uku koyon yadda ake mayar da irin littafinki hujjar da kwamishinan lafiya ba zai iya turewa ba ne.

Tambayarki tana da magabata. Linda Aiken, nas ce a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, ita da abokan aikinta sun bi bayanan asibitoci 168, suka buga sakamako a 2002: duk marar lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. A 2014 sun sake samun kusan haka a ƙasashen Turai tara. To amma can masu tiyata ne, asibitocinsu kuma ba irin namu ba. Ɗakin haihuwarmu da daddare, in an ɗauke wuta, wa zai ƙirga shi in ba irinki ba?

Ki kuma nemi binciken E-MOTIVE da aka buga a 2023. A asibitoci 80 aka yi shi a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata sama da dubu 200, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace tana tara jinin, a daina kintace da ido. Da ya kai alama sai a haɗa magani gaba ɗaya: murza mahaifa, allurar oxytocin mai matse mahaifa, maganin tsayar da jini na tranexamic acid, ƙarin ruwa da duba inda jinin ke fitowa. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa ya ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Ungozomomi ne suka yi aikin da hannunsu. Abin da ni zan so in sani, kuma ya dace da ke: in ungozoma biyu ne a kan mata bakwai, wa ke da sukunin duba ledar a kan lokaci? Ga kundi guda nan.

Batun kuɗi a taƙaice: hukumar tallafa wa manyan makarantu ta TETFund ma'aikatan jami'o'i, kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi na gwamnati take ɗaukar nauyi, don haka ki fara bincika matsayin kwalejinku. Akwai shirin CARTA na horar da masu bincike a Afirka, amma na malaman jami'o'in da ke cikin ƙawancen ne, irin su Ibadan da Ife. Akwai tallafin karatu na Commonwealth in Ingila kike so. Ni dai albashina da adashe ne suka yi mini.

Baban Ihsan, daga Amurka:

Anti Maman Khalifa, barka da ƙoƙari. Ni DNP nake yi a nan, bari in raba miki su.

PhD na mai haƙo sabon ilimi ne. Ƙididdiga, dabarun bincike, kundi mai nauyi, daga nan koyarwa a jami'a da neman kuɗin bincike. DNP kuwa na mai aiki da ilimin da aka riga aka haƙo ne, a gaban marar lafiya ko a shugabancin asibiti. A ƙarshe aikin gyara ake yi, misali ka shigo da wata hanya da aka tabbatar tana rage gyambon kwanciya, ka auna ko ta yi aiki a ɗakinka. A 2004 ne ƙungiyar kwalejojin jinya ta Amurka ta amince da DNP a matsayin digirin ƙoli na masu aikin asibiti, tun daga nan masu yinsa suka ninka masu PhD nesa ba kusa ba. Har kuka ake a nan cewa masu bincike na ƙaranci, tsofaffin farfesoshi suna ritaya babu masu maye gurbinsu. Alhali suna da cibiyar gwamnati ta binciken jinya zalla, an kafa ta ƙarama a 1986, ta zama cikakkiyar cibiya a 1993.

DNP an ɗinka shi ne daidai jikin tsarinsu, inda nas mai babban horo ke duba marar lafiya ya rubuta magani. Ke da za ki zauna a gida, kina koyarwa, kuma tambaya ce ke cin ki, PhD ne naki. Kuɗin DNP ma daga aljihunka yake fita galibi, ni bashi na ci.

Hajiya Metiron:

Ni ban yi digirgir ba, ban ma yi digiri ba, shekara 33 na yi ina aiki na ajiye. Amma tunda ta ce a faɗi mai ɗaci, ga tawa.

Kowace shekara ɗalibai na zuwa mana da takardun tambayoyi, a tsakiyar aiki, a ce mu cike. Me kika sani, me kike gani, me kike yi. A wanke hannu, a shayarwa, a allurar rigakafi, duk salo ɗaya. Mu cike a tsaye, wani lokacin wallahi mutum ɗaya ce ke cike biyar don yaron ya tafi ya ba mu wuri. Ban taɓa ganin wanda ya dawo ya ce ga abin da na samo ba. Ko ɗaya. Sai dai ki ji an ce wance ta zama dakta, ta koma jami'a, ƙafarta ba ta sake taka ɗakin marasa lafiya ba. Wasu ma sun tsallake sun bar ƙasar.

'Yata, in kujera kike nema, ki je Allah ya ba da sa'a, halal ce. In kuma don yarinyar nan ta asuba ce, to ki riƙe kwana ɗaya a mako kina shiga ɗakin haihuwa da fararen kayanki, ko ba a biya ki. Ranar da hancinki ya manta warin ɗakin, tambayoyinki za su koma irin na waɗancan yaran.

Dakta Uwani:

Hajiya kin taɓo mu, kuma ba ki yi ƙarya ba. Irin wancan binciken ya yi yawa ne don shi ne mai araha, takarda da biro kawai yake ci. Na amsa laifi, nima na sa hannu a kan irinsa ya fi a ƙirga. Abu ɗaya zan kare: komawa jami'a ba gudu ba ne kullum. Ba a hawa matsayin babban malami sai da digiri na uku, kuma in babu manyan malamai ba za a bar sashe ya yaye masu digiri na biyu da na uku ba. Dole wasu su zauna can. Amma sharaɗinki na kwana ɗaya a mako, da ina da iko da na sa shi a doka.

Auwalu Mai Ƙididdiga:

Gaisuwa ga iyayena. Ni ba nas ba ne, ina taimaka wa ɗalibai da nazarin alƙaluma ne, to ina ganin inda suke faɗuwa.

Na farko, Anti ki fara koyon ƙididdiga tun yanzu, kafin ki shiga. Masu kawo mini bayanai su ce in "fitar musu da sakamako" su ne ke daburcewa ranar kare kundi, in malamin waje ya tambaye su me ya sa suka zaɓi wannan gwajin ba wancan ba. Ku ma gadonku ne ai. Florence Nightingale, uwar aikin jinya na zamani, da alƙaluma ta nuna cewa cuta ta fi rauni kashe sojojin Ingila a yaƙin Kirimiya, har ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓe ta a 1858, mace ta farko.

Na biyu, harshe. In za ki yi hira da matan, takardar da aka tsara da Turanci sai an mayar da ita Hausa, wani daban ya sake mayar da ita Turanci a ga ko ma'anar ta kauce, sannan a gwada ta a kan mata kaɗan. Na ga inda aka tambayi mata ko sun yi "zubar jini mai yawa", kusan duk suka ce a'a, domin a wajensu jinin biƙi fitarsa lafiya ce, wanda ya ƙi fita ake tsoro. Da aka koma tambayar zani nawa ta canza kafin gari ya waye, sai amsoshi suka bambanta.

Takardar amincewa kuma kar ki ɗauke ta wasa. Mutanen Kano ba su manta gwajin maganin sanƙarau na 1996 ba, kalmar "bincike" kaɗai tana sa wasu su tattara zaninsu. Ki yi bayani da baki, ki bar mace ta shawarci mijinta in tana so, amma amincewar tata ce. Kuma izinin kwamitin ɗa'a yakan ɗauki watanni, ki sa shi a lissafin da maigida ya ce ki yi.

Maman Khalifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Dakta, maganar dararen da ban rubuta ba ta tsaya mini a rai, shekara da shekaru ban taɓa lura da wannan giɓin ba. Jiya na fito da littafin na sake dubawa, sai na ga ko adadin haihuwar kowane dare ban riƙa sawa daidai ba, wani wurin na sa, wani wurin na manta.

DNP na cire shi, na gode Baban Ihsan. Waje ma na cire, ba zan bar autana ba. Na samu lambar mutum biyu da suka yi karatu a hannun malamar da nake tunani, zan kira su ranar Asabar. Hajiya, na yi magana da shugabar ɗakin haihuwarmu na da, ta ce in zo ranar Alhamis, dama hannu suke nema. Ta ce in taho da safar hannuna don tasu ta ƙare.

Auwalu, wace manhajar ƙididdiga zan fara da ita? Kwamfutar tawa tsohuwa ce, batirinta ba ya wuce minti arba'in.