Neman shawara: tattakin Arba'in daga Najaf zuwa Karbala tare da mahaifiya

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Allah ya nufe ni da zuwa Arba'in bana, wato ziyarar cikar kwana arba'in da shahadar Imam Husaini, ni da mahaifiyata. Ta haura shekara 60, tana da ciwon suga amma da sauran ƙarfinta, kuma ta kafe a kan da ƙafarta za ta shiga Karbala daga Najaf. Ban taɓa zuwa Iraƙi ba. Tun yanzu ta cika ƙatuwar jaka da garin kunu, dambun nama, bargo da filas. Don Allah waɗanda suka taɓa yin tattakin, me ya kamata mu ɗauka, me za mu bari? Hankalina ya fi tashi a kan lafiyarta.

Wani dattijo daga Zariya:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka, yaro. Ka lallashi Hajiya ta sauke wannan jakar. Tafiyar kusan kilomita 80 ce, yawanci kwana biyu zuwa uku, kuma ba a yunwa a hanyar nan. Gefen titi cike yake da rumfunan da ake kira maukib, masu su na ba da shinkafa, gurasa, dabino, shayi da ruwan sanyi kyauta, su ba ka wurin kwana da bargo. Wani har riƙe hannunka zai yi yana roƙonka ka shigo ka ci. Babban kaya a bar shi masauki ko wurin jagoran tawagarku. Jakar goyo ɗaya ƙarama ta ishe ku, kai za ka goya: kayan canji kala ɗaya kowa, tawul ƙarami, sabulu, magunguna, caja da batirin ajiya. Dambun ka ɗebi kaɗan, saboda wani lokaci abincinsu ba ya karɓar baƙo.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Kano:
Ɗan'uwa, ni ƙafar Mama ce damuwata. Mai suga kan yi ciwo a ƙafa bai ji ba, kuma ciwon ba ya saurin warkewa. Ka saya mata kambas mai laushi wanda ya ɗan fi ƙafarta girma, domin ƙafa na kumbura da doguwar tafiya, ta fara yawo da shi a unguwa tun yanzu safe da yamma, tana ƙara nisa a hankali. Kada ta shiga hanya da sabon takalmi. Safa ƙafa uku ko huɗu, ana canzawa idan ta jiƙe da gumi. Duk inda kuka yada zango, ka cire mata takalmin da hannunka, ka haska fitilar waya ka duba tsakanin yatsu da diddige. In ka ga wuri ya yi ja, a manna filasta kafin ya zama bororo. In bororon ya fito kada ku fasa shi da allura, akwai rumfunan likitoci a hanya, ku kai ta.

Sai shayin Iraƙi. Sukari ne jibge a gindin ɗan kofin, kuma kowane taku miƙo muku za a yi. Ta ce a ba ta marar sukari. Amma ku riƙe dabino a aljihu, domin tafiya tana sauke suga, in ta fara rawar jiki da zufa mai sanyi ta ci nan take. Ku tafi da na'urar awon suga, magungunan kuma a cikin kwalinsu. In allurar insulin take yi, zafi na lalata ta, sai an nemi 'yar jakar sanyi. Ta ga likitanta kafin tafiya, shi zai ce ko a gyara awon maganin.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi:
Ma'aikaciyar jinya ta yi gaskiya, sai dai a saka silifas ma a jaka, don alwala da banɗaki. Batun zafi kuma, ranar Arba'in, wato 20 ga Safar, a 'yan shekarun nan cikin watan Agusta take faɗowa, zafin kan wuce digiri 45. Ku yi tafiya daga la'asar sakaliya zuwa dare, ku sake tashi bayan asuba, da hantsi ya ɗaga ku shige rumfa. Lema, takunkumi saboda ƙura, da ORS gare ka.

Wata 'yar'uwa daga Kaduna:
Abin da ba a faɗa ba shi ne ɓata. Miliyoyin mutane ne a hanya, kuma wurin kwanan mata daban yake da na maza. Turakun fitilar titi suna da lamba, daga 1 zuwa 1452, tsakaninsu mita 50. Kullum ku yi alkawari: in mun rabu, mu haɗu a turke kaza. Kada ku dogara da waya, ko da layin Zain ko Asiacell ne, cunkoso kan hana kira shiga. Ka sa a rubuta sunan Mama, masaukinku da lambar jagora da Larabci, a rataya mata a wuya cikin hijabi. Fasfo da 'yan dinari a jakar ciki, a jikinka. Kuma ka haɗa ta da wata mata a tawagarku da za su riƙa kwana tare.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, to in ta gaza a tsakiyar hanya fa? Na san halinta, ba za ta faɗa ba.

Dattijon Zariya:
Kai za ka lura, kada ka jira ta faɗa. Titin motoci yana gefe, ku hau zuwa gaba, ta huta, ta taka abin da ya rage kusa da gari. Ka yi mata wannan maganar tun a gida, ku daidaita. Kuma ku yi ƙoƙari ku isa Karbala kwana biyu ko uku kafin ranar Arba'in, domin ran nan Bainal Haramaini, filin da ke tsakanin hubbaren Imam Husaini da na Abbas, ba masaka tsinke, tsohuwa ba za ta iya turereniyar ba. Ka gaishe ta, ta sa mu a addu'a.