Kwas ɗin kiriminoloji aka ba ni, ina ake aiki da shi?

Ɗan_Gwammaja:
Salam 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara, lauya na cika a JAMB amma maki bai kai ba sai aka tura ni kiriminoloji, wato karatun laifuka da tsaro. Baba ya ce shi bai gane ba, wai shekara huɗu zan yi a jami'a don in zama gandiroba? Ni ma wlh na rasa amsar da zan ba shi. In karɓa ko in sake zama baɗi?

Yaya_Babba:
Ƙanena karɓi abinka. Ni shi na karanta, kuma tun yanzu cire rai da rigar lauya, wannan digirin ba ya kai mutum makarantar lauyoyi, reshen soshiyoloji ne, za ka sha tiyori kan me ke jefa mutum cikin laifi, aikin 'yan sanda, kotu, da yadda ake tafiyar da gidan yari, ga kuma statistiks da ya kusa kayar da rabin ajinmu, kar wani ya ce maka ba lissafi. BUK tana koyar da shi, jami'ar tarayya ta Dutse ma tana yi, NOUN (jami'ar karatu daga gida) ma haka. Aiki kuwa sai CDCFIB ta buɗe fotal, ita ke ɗaukar ma'aikatan gidan gyaran hali, shige da fice, Sibil Difens da 'yan kwana-kwana, kuma mai digiri hafsa yake shiga ba kurtu ba, ka faɗa wa Baba haka. Sai dai fa a layin nan wanda ya karanta jogirafi ma tare za ku tsaya.

Maman_Iman:
Ni abin da ke ba ni haushi raina aikin da ake yi. Tun 2019 da Buhari ya sa hannu a sabuwar doka aka canza suna daga gidan yari zuwa gidan gyaran hali, kuma ba suna kawai ba ne, dokar ta raba aikin gida biyu, masu tsare fursuna da masu kula da hukuncin da ba ɗauri, kamar aikin gayya wa al'umma da sakin talala da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta. To wa zai yi wannan ɓangaren in ba ku ba? Lokacin furojet ɗina na shiga wani gidan gyaran hali na yi hira da mutane, yawancinsu ba a ma yanke masu hukunci ba jiran shari'a suke, a ƙasar gaba ɗaya kusan biyu cikin uku haka suke, wani saurayi kan rikicin waya ya fi shekara a ciki don ba mai tsaya masa beli. Har yau in na tuna fuskarsa sai jikina ya yi sanyi.

Abu_Sadik:
Hajiya duk mun ji, amma doka a takarda daban, tun 2015 akwai ACJA, dokar tafiyar da shari'ar laifuka, da ta ce majistare ya riƙa leƙa ofishin 'yan sanda duk wata, sau nawa kika gani? Malam in kaki kake so kuma shekarunka ba su wuce ba gwada POLAC, makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda ta Wudil, ka fito da digiri da muƙamin ASP (mataimakin sufuritanda) lokaci guda.

Ɗan_Gwammaja:
Na gode sosai. Yaya statistiks ɗin nan a aji nawa ake yinsa? Don ni da lissafi ba ma ga maciji, da ƙyar na samu C6.