Neman kalmar Hausa: me za mu kira sitokin?

Mai shirin lafiya: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan gabatar da shiri a rediyo nan Maradi kan fuka da tsiron da ke toshe hanci, ganin hunturu ya kama, ƙura kuma ta fara tayar wa mutane da ciwo. Likitan da na yi hira da shi da Faransanci ya yi ta maimaita kalmar sitokin, ni kuma ina neman kalmar da tsohuwa a Tibiri za ta ji ta gane.

Likita: Wa alaikumus salam, Hajiya. Idan ƙura ko ƙwayar cuta ta taɓa fatar da ta shimfiɗu daga cikin hanci har huhu, takan saki sinadaran TSLP da IL-33, su kuma su tayar da ƙwayoyin garkuwar jiki su saki IL-5 da IL-13. IL-5 ne ke tara fararen ƙwayoyin jini da ake kira eyozinofil, IL-13 kuma ke ƙara majina, shi ya sa ake samun mutum ɗaya da tsiro a hanci da kumburi a hanyoyin numfashi. Irin waɗannan sinadarai su ne sitokin, kuma tun da aikinsu kai saƙo ne tsakanin ƙwayoyin jiki, ina ganin a ce manzannin garkuwar jiki.

Tsohon malami: Likita, ka yi haƙuri, kalmar manzo tana da mazauninta a addini, kuma mai sauraro ba zai ji daɗin a jingina ta ga abin da ke kawo majina ba. A ce sanƙira, domin shi ne ke shela jama'a su fito. Abin da ke ba ni takaici shi ne mu a nan mu ce sitokin, a Katsina su ce saitokain, harshe ɗaya ya rabu biyu saboda aro.

Ɗalibar likitanci: Baba, sanƙira duk gari ke jin sa, alhali kowane sitokin ƙwayar da ke da mazauninsa ce kaɗai ke karɓar saƙonsa, kuma wasunsu ma kwantar da kumburi suke yi. Ƴan aike ya fi dacewa. Aro kuwa ba abin kunya ba ne, Bature ma daga Girkanci ya haɗa kalmar a 1974.

Tsohon malami: Ɗiyata, Bature ya haɗa tasa, mu me ya hana mu haɗa tamu? Kullum sai mu zauna jiran abin da Kano ta yanke, kamar Hausar Katsinawan Maradi da Gobirawa ba ta isa ba.

Likita: Malam, mu dawo kan shirin. Na janye manzo. Hajiya, kowace kalma kika ɗauka, kada ki manta da faɗin cewa wasu masu fuka da tsiron hanci aspirin kan tayar musu da ciwon sosai, abin da likitan Faransa Fernand Widal ya bayyana tun 1922.

Mai shirin lafiya: Na gode muku. Zan ce ƴan aiken garkuwar jiki, in ambaci sitokin sau ɗaya domin masu zuwa asibiti. Baba, sanƙira zan ba wa TSLP da IL-33 kaɗai, tun da su ne ke fara shelar.

Tsohon malami: Ban gamsu ba, domin ɗan aike ko yaron da aka tura kasuwa ma sunansa ke nan. Amma Alhamis ta matso, ki yi da shi, zan saurara.