Bitamin E ga masu tumbi, hawan jini da sukari

Shawarar da aka fi tsayawa a kai ita ce, mai fama da tumbi, hawan jini, yawan sukari da kitse a jini kada ya ɗauki ƙwayar bitamin E a matsayin magani. Gaskiya ne wani bincike a Amurka a 2015 ya nuna jikinsu ba ya tsotse bitamin ɗin sosai. Amma miligiram 15 a rana ya ishi babba, kuma miyar alayyafo da gyaɗa tana taimakawa, tunda sai da maiƙo yake shiga jiki.

Mai shan warfarin (maganin hana daskarewar jini) kuwa, don Allah ya fara ganin likita, domin yawan shan ƙwayar bitamin E na iya jawo zubar jini. Rage tumbi da tafiyar ƙafa kullum ne aka fi nanatawa.