Wuƙar yuro 900 mai boris ko Sebenza ta hannu, wacce zan koma gida da ita?

Baban Hanifa: Salamu alaikum. Shekara huɗu ke nan ina tara wuƙaƙen aljihu a nan Jamus, duk na kamfani. Yanzu guda biyu ne a gabana, kuɗin ɗaya gare ni. Wani dattijo zai sayar da wadda wani maƙerin Poland ya ƙera da hannunsa, yuro 900. Irin mai ɗan kunnen nan ce da ake dannawa da manuniya ruwan wuƙar ya fito fat, kuma a kan boris take juyawa. Ɗayar Sebenza ce, ƙirar kamfanin Chris Reeve, ta hannu, yuro 480, ba boris, wosha ce ta tagulla, da babban yatsa ake tura ta. A Disamba zan tattara in koma Kano. Don Allah wanda ya taɓa riƙe mai boris cikin hunturu ya gaya mini, ƙura tana kashe ta?

Ɗan Fagge: Yuro 900 a wuƙa? Malam, ai da wannan kuɗin har ragon da za a yanka sai ka haɗa. Ka nemi Okapi. Ta kakana tana nan, ka ja zoben nan na bayanta ta rufe, ba abin da ya taɓa samunta.

Injiniya Sale: Ɗan Fagge, Okapi ba abin rainawa ba ce, tun 1902 ake yin ta a Solingen ta Jamus kafin a mayar da ƙirar Afirka ta Kudu a 1988. Amma ba ita aka tambaya ba. Baban Hanifa, saurin buɗewar mai kunne ba daga boris kaɗai yake ba. Akwai wani ɗan ƙwallo a jikin makullin da yake zama cikin rami a gindin ruwan wuƙar, shi ke riƙe ta a rufe. Kana dannawa ƙarfi yana taruwa, da ƙwallon ya kuɓuce sai ta harba. Idan maƙerin bai iya saita wannan ba, ko wane boris ya sa, rabin hanya za ta tsaya. Ƙura kuwa tana shiga tsakanin ƙwallayen ta haɗu da mai, ka ji tana gurza kamar an zuba yashi. Wosha a shafe take, ba gurbin da datti zai zauna sosai. Kuma Sebenza an yi ta ne don mai ita ya kwance ya wanke, har makullin kwancewa da giris ake haɗo ta da su. Ni ita zan ɗauka.

Gwanin Atlanta: Ku bar zancen ƙura. Ƙura ba ta taɓa yi mini komai ba, dangi ne suka gama da ni. Wata goma sha tara na jira layi wajen wani maƙeri, na ba da kafin alƙalami dala 400, da ya gama na cika 1,400. Ƙotar titaniyom, buɗewa kamar ruwa. Na zo da ita gida Babbar Sallah, na ajiye a kan durowa na tafi Idi. Ina dawowa na tarar ƙanin matata ya tsugunna a kan rago da ita. Fiɗa kawai ya yi da da sauƙi. Ya sara ƙashi, ya cusa tsinin a gaɓa ya murɗa, da ya gama ya jiƙa ta a bokitin omo wai ya taimake ni. Kitse ya daskare a cikin boris, tsinin ya guntule, makullin ya daina kamawa. Da na yi magana surukata ta ce, “Yanzu a kan wuƙa za ka ɗaga wa yaro murya?” Na ba wani mai kai kaya ƙasar waje ya mayar wa maƙerin. Yau shekara biyu, ba wuƙa ba labarinta.

Ɗan Fagge: Allah ya mayar da alheri, Gwani. Amma da Okapi ce, da yanzu ƙanin matarka ka yafe masa.

Maman Sultan: Gwani, kai ma da laifinka. Wa yake barin wuƙa a fili ranar layya? Baban Hanifa, ni abin da zan ce ka duba doka. A nan Ingila wadda za ka fita da ita ba tare da dalili ba sai in ba ta kullewa kuma kaifinta bai wuce inci 3 ba. Maigidana duk nasa a akwati suke, yana fito da su yana shafawa kamar zinaren amarya.

Baban Hanifa: Hajiya, nan ma tun 2008 an hana yawo da mai buɗewa da hannu ɗaya idan tana kullewa, ajiyewa a gida dai ba laifi. Amma ni ƙura nake tambaya.

Abu Zarah: Yuro 480 ya yi araha, ka yi hattara. Jabun Sebenza sun cika kasuwa, har katin ranar ƙira da ake sakowa a kwali suna bugawa. Sabuwa ta haura dala 500.

Sarkin Kaifi: Wace araha? Ni dala 350 na sayi tawa a hannun wani, da kwalinta.

Abu Zarah: To ka kwance ta ka duba da kyau, ranka ya daɗe.

Ɗan Fagge: Injiniya, da girmamawa, rabonka da hunturun Kano shekara nawa? Kana cikin dusar ƙanƙara kana ba mu labarin ƙura.

Injiniya Sale: Sha ɗaya. Amma na kwance wuƙaƙe sun fi yawan waɗanda ka taɓa gani. Maƙerin nan Michael Walker ne ya gyara makullin falle na cikin ƙota, wato fallen ƙarfen da ke tokare ruwan wuƙa in an buɗe, a 1980, Chris Reeve ya mayar da jikin ƙotar kanta makulli. Shi Reeve mutumin Durban ne kafin ya koma Idaho, sunan Sebenza ma “aiki” yake nufi da harshen Zulu. Kai me ka kawo banda wuƙar kakanka?

Ɗan Fagge: Ita dai har yanzu tana hannunmu, ta Gwani fa?

Gwanin Atlanta: Kada ka taɓo ni. Mai kai kayan nan fa cewa ya yi an riƙe a hanya, na ce ya ba ni takarda, sai ya daina ɗaukar wayata.

Maman Sultan: Ai halinsu ke nan. Ni turamen atamfa shida na bayar, huɗu suka isa, wai kilo ya yi yawa.

Sarkin Kaifi: Nawa suke karɓar kilo yanzu daga can? Ina da kwali biyu.

Baban Hanifa: Jama'a, dattijon ya ce zuwa Juma'a zai ba wani. Ba wanda ya taɓa riƙe mai boris a Kano?

Abu Zarah: Ko wacce ka saya, a babbar jaka za ka sa ta, ban da ta hannu. Hajiya, mai atamfar nan naki ba wani dogo ba ne mai ɗan gemu?