Me ya sa kare yake nishi idan zai kwanta?

Mai Gona:
Assalamu alaikum. Ina da karen gadi jinsin Alsatian wanda ya haura shekara takwas, kuma a 'yan watannin nan na lura cewa duk lokacin da zai kwanta sai ya yi wani dogon nishi, wani sa'in kuma ya biyo shi da ajiyar zuciya. Yana cin abincinsa, yana kuma haushi da dare kamar yadda ya saba. Shin wannan alamar jin daɗi ce, ko kuwa ciwo ne yake ɓoyewa? Ina neman shawarar masana.

Tsohon Mafarauci:
Wa alaikumus salam. Ajiyar zuciya ba abin tayar da hankali ba ce. Karnukanmu idan an dawo daga daji sun sha ruwa, kowanne yakan zagaya wurin kwanciyarsa, ya zube, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa na gaba, sannan ya sauke numfashi idanunsa a lumshe, kuma wannan hutu ne kawai. Idan ya yi ta idanunsa a buɗe yana kallonka, galibi ya gaji ne da jiran wani abu, ko abinci ko fita. Nishin da bai saba yi ba a da, shi ne dai ban yarda da shi ba.

Ma'aikacin Asibitin Dabbobi:
Baba ya yi gaskiya. Ajiyar zuciya aikin jiki ce, domin tana buɗe ƙananan jakunkunan iska na huhu waɗanda sukan manne idan numfashi ya daɗe yana tafiya a hankali, shi ya sa mutum ma yakan yi ta kusan sau goma sha biyu a awa ɗaya ba tare da ya sani ba. A 2016 masu bincike na jami'o'in Stanford da UCLA a Amurka sun gano, ta hanyar gwaji a kan ɓeraye, ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke haddasa ta.

Amma ni ba sautin nake fara saurara ba, yadda karen yake kai jikinsa ƙasa nake kallo. Lafiyayye yakan zube lokaci guda, shi kuwa mai ciwon gaɓoɓi sai ya yi ta zagaye yana jinkiri, ya sauke ƙugunsa a hankali, nishin kuma yakan fito ne tun bai kai ƙasa ba. Da safe za ka ga ya tashi a sandare, musamman lokacin hunturu a kan siminti, sai ya ɗan taka sannan ya warware. Alsatian na cikin jinsunan da aka sani da matsalar gaɓar ƙugu, kuma shekara takwas tsufa ne ga babban kare. Ka ɗaga leɓensa ka duba dasashi, domin idan ya yi fari ana zargin cutar da kaska ke yaɗawa. Ka kuma ƙirga numfashinsa yana barci. Idan kullum yana wuce 30 a minti ɗaya, ya kamata a duba zuciya da huhu.

Abin da ba ya jiran gobe shi ne kumburin ciki: ciki ya yi tauri, kare yana yunƙurin amai ba ya fitowa, yana dalala, ya kasa kwanciya. Wannan yakan kashe cikin sa'o'i kaɗan.

Mai Gona:
Na gode ƙwarai. Lallai yana jinkiri kafin ya kwanta, kuma ya daina tsallake kwatar ƙofar gida. Ko zan iya ba shi diclofenac kafin in kai shi?

Ma'aikacin Asibitin Dabbobi:
A'a, Malam, kada ka ba shi, haka ma ibuprofen, domin suna iya jawo wa kare gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Akwai magunguna irin su carprofen da meloxicam da likitan dabbobi yake bayarwa gwargwadon nauyin kare. Kafin nan ka shimfiɗa masa tsohuwar katifa, ka rage masa abinci idan ya yi ƙiba, sannan ka ɗauki bidiyon kwanciyarsa da tashinsa da wayarka, saboda karnuka da yawa ba sa nuna ɗingishi a gaban baƙo.