Ƙwarin ganyen malberi: zafi ne ke kawo muku su ko ruwa?

Mai Malberi: Salam 'yan uwa masu kiwon tsutsar siliki. Ni dai na lura duk shekara da ruwa ya ɗauke zafi ya tsananta sai wani farin ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga ya cika min kan rassan malberi, itacen da tsutsar siliki ke cin ganyensa, sabon ganye ya murɗe ya yi kauri, ga shi ƙananan tsutsar siliki wannan ganye mai taushin suke ci. Ku ma haka ne ko gonata ce kawai?

Dattijo: Ba gonarka kaɗai ba ce ɗana. A Indiya tukra suke ce wa wannan murɗewar. Duba jikin itacen da kyau za ka ga tururuwa na hawa da sauka, zaƙin da ƙwaron ke fitarwa suke sha su kuma suna gadinsa. Ni yanke kan nake in ƙone tun bai yaɗu ba, da an yi ruwa mai ƙarfi sau biyu uku kuma sai ka ga ya ragu da kansa.

Uwar Gida: Baba, ni kuma damina ce matsalata wallahi, in aka jera kwanaki ana hadari ga laima sai wata koriyar tsutsa ta fito ta naɗe ganyen saman da zarenta ta shige ciki tana ci, sai ka buɗe ka ga kashinta baƙi baƙi. Da hannu nake bi ina tsinkewa da sassafe, akwai wahala kam.

Sabon Shiga: Don Allah ku yi hattara da feshi. Bara zafi ya kawo min wasu 'yan mitsi mitsin ƙwari a bayan ganye suna tsotsa har ganyen ya bushe ya yi fari fari, na yi gaggawa na fesa magani ban jira kwanakin da aka rubuta a kwalba sun cika ba na tsinko ganyen na ba tsutsar silikina, washegari suna ta amai suna murɗewa, faranti huɗu na zubar saura kwana kaɗan su fara saƙa. Har yau abin na min ciwo.

Dattijo: Allah ya mayar da alheri. Waɗannan ruwa zalla ma na kakkaɓe su in ka watsa da ƙarfi ta ƙasan ganye, kamar dai yadda ruwan sama ke yi musu.

Mai Malberi: Na gode Baba. Yanzu na dawo daga dubawa, tururuwar kuwa na nan jingim.